Sahur ne ya haɗa ni da Cleveland

Ana yawan tambayata me ya haɗa mazaunin Jidda da Cleveland, garin da ban taɓa takawa ba. A azumin 2016 wasannin ƙarshe na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kan fara ne tsakanin ƙarfe uku da huɗu na dare a nan, daidai lokacin da ake ɗumama shinkafar sahur. Kowa a gidan yana bayan ƙungiyar Golden State saboda tauraronta Curry. Ni kuwa don in tsokani Yaya kawai na ɗauki abokiyar karawarta Cleveland, alhali Golden State na gabansu da wasa 3-1. Sai LeBron, tauraron Cleveland, da mutanensa suka cinye wasa uku a jere suka ɗaga kofi. Tun daga nan na maƙale.

Dalilin Baba ya fi nawa nauyi. Houston yake so tun kofunan 1994 da 1995, saboda Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya riƙa buga wasa da azumi a bakinsa. Ko sun sha kashi ba ya sauya sheƙa.

Abokaina na unguwa ba su wahalar da kansu ba. Ittihad ta Jidda suke so a ƙwallon ƙafa, sai suka bi rigar rawaya da baƙi har filin ƙwallon kwando. Wasunsu ko sunan ɗan wasa ɗaya ba su sani ba, amma wajen ihu babu mai kamo su.