Godiya bayan kakar wasa mai wuya

Assalamu alaikum. Ranar Asabar muka buga wasanmu na ƙarshe a kakar bana ta ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a sheƙa da gudu. Wasa 10 muka yi tun daga Satumba, ɗaya tak muka ci. Alhamdulillahi ala kulli halin.

Kwalejinmu ƙarama ce, tana rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Duk wanda ka gani a filin atisaye da sassafe cikin sanyin Nuwamba, son abin ne ya fito da shi. Don haka da abokan wasana zan fara.

Ni ne mai bugun ƙafa, albarkacin tamaular da na taso ina bugawa a Kano. A wasanmu na bakwai an fi mu da maki biyu, lokaci ya zo ƙarshe, aka ba ni bugun da zai kawo maki uku. Ƙwallo ta bi ta hagun sanda. Na durƙushe a wurin na kasa tashi. Yaron da ke dafa mini ƙwallo ne ya kama hulata da hannu biyu ya ɗaga ni, ya raka ni har ɗakin sauya kaya, bai ce uffan ba. Ɗan'uwa, ba zan manta ba.

Koci, na gode. Ranar Litinin ka tara mu ka ba mu labarin ƙungiyar jami'ar Prairie View ta jihar Texas, wadda ta sha kashi sau 80 a jere daga 1989, kafin daga ƙarshe ta doke jami'ar Langston da ci 14 da 12 a 1998. Ranar kowa ya ɗaura takalminsa.

Ina godiya ga ma'aikaciyar jinyar da ke naɗe mini idon sawu kafin kowane wasa, da 'yan uwa Hausawa da suka yi tuƙin awa uku suka zo da dambun nama.

Sai Yaya. Ƙarfe ɗaya na rana a nan magariba ce a gida, amma kana idar da salla kake buɗe waya, ka sayi data da kuɗinka, ka kalli wasan da ba ka san dokokinsa ba. Umma kuwa ba ta taɓa tambayata ko mun ci ba, kullum sai dai ta ce, “Ba ka ji ciwo ba dai ko?”

Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.