Wai yaran yanzu ne suka gama da Katsina?

Jiya bayan la'asar, a wata majalisa da ke Ƙofar Ƙaura, wani dattijo ya ce, "Yaran yanzu sai addu'a. Tarbiyya ta mutu, duniya ta zo ƙarshe." Kowa ya gyaɗa kai. Ni kam maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta.

Ba na musun ɓarnar da ake gani. Ƙauraye, wato 'yan daban Katsina, suna nan, kuma duk da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, shaye-shaye bai bar lungunanmu ba.

Amma Baba, Allah ya ƙara girma, yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Mu muka cusa su aji ɗaya kamar buhunan gero, muka bar su ba sana'a, sannan in zaɓe ya zo manya ne ke ba su kuɗin ƙwaya. Wallahi wannan yana ci mini rai.

Kuma akwai waɗanda ba a faɗa. Yaron da ke gyara mini waya bai wuce shekara ashirin ba. Ka tsaya ka ga yadda yake ɗago ɗan ƙarfe ƙanƙani da hantsaki, hannu ko rawa ba ya yi, leɓensa na motsi yana tilawar haddarsa. Da kuɗin gyaran nan yake biya wa ƙannensa mata makaranta.

Kukan lalacewar yara kuma ba sabo ba ne. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, iyaye da yawa gani suke yaron da ya shiga boko ya ɓata. Makarantar nan ce ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa.