Mako na bakwai: shingen yana ɗumama alkama da rana, da dare kuwa shiru

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki na gwada yadda ƙarin zafi ke shafar amfanin gona, ga inda aka kwana. Fangali shida na shuka wa alkama, iri ɗaya, rana ɗaya, ban ruwa ɗaya. Uku na kewaye su da shingen roba mai haske, mai kusurwa shida, bangon ya ɗan karkata ciki, saman a buɗe. Sauran ukun na bar su a fili don kwatantawa. Fasalin aro ne daga gwajin ITEX, wani binciken tsirrai na ƙasa da ƙasa da aka fara a 1990 a yankuna masu tsananin sanyi, inda irin wannan shinge kan ƙara zafin iska da digiri 1 zuwa 3 ba tare da lantarki ba.

Makonni biyu na farko sun tafi a banza. Na rataye ma'aunin zafi rana tana dukansa kai tsaye, ashe zafin jikinsa yake nuna mini, ba na iska ba. Yanzu kowane ma'auni yana cikin fararen faifan roba da na jera da tazara, iska na ratsawa, daidai tsayin ganye.

Alkamar cikin shinge ta riga ta waje fitar da kai. Ƙasarta ma tana saurin bushewa. In na tura yatsa da yamma, sai ya nutse kafin in ji danshi.

Abin da ke damuna shi ne dare. Rana na faɗuwa zafin yake tsere ta sama, da asuba ma'aunan ciki da na waje kusan bakinsu ɗaya. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a gwajin nawa. Binciken cibiyar nazarin shinkafa ta duniya (IRRI) a Filifin na 2004 ya nuna amfanin shinkafar rani yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafin dare, wataƙila domin shuka kan ƙone abincin da ta tara da rana wajen numfashi. Ke nan rabin labarin kawai shingena yake bayarwa.

A Maricopa ta jihar Arizona, Amurka, masana sun rataya na'urorin ɗumama na lantarki saman alkama, dare da rana. Wannan ya fi ƙarfina. Daga daren gobe zan riƙa rufe fangali ɗaya mai shinge da mayafi mai ƙyalli in rana ta faɗi, don ya riƙe zafin, in yaye da asuba. Zai tare raɓa, don haka zan auna danshin ƙasarsa daban.