Asabar, wasan waje, da abin da ya faru a ɗakin canza kaya

Yanzu muka shigo, ƙarfe ɗaya na dare ta gota, yatsuna har yanzu ba su dawo daidai ba don sanyi, amma bari in rubuta tun abin bai huce ba. Wasan waje muka je, tafiya mai ɗan nisa a bas, hagu da dama gonakin masara duk dusar ƙanƙara ta binne su, yaran kowa ya toshe kunne da iyafis ba mai ce wa wani uffan har muka isa.

Aikina a tim ɗin ƙwallon kwando na makarantarmu ba wani babba ba ne, ni ne mai tawul da gorunan ruwa, ni ke wanke riguna, in an fara wasa kuma in riƙe allo ina lissafa fawul, don a wasan jami'a a nan Amurka biyar kake yi a fitar da kai, ba shida ba irin na NBA, gasar ƙwararru. Sai dai kujerata tana ƙarshen benci, kuma daga nan ana jin abin da ɗan kallo ba ya ji.

Bana yara ne zalla. Cikin biyar ɗin da ke fara wasa uku 'yan shekarar farko ne, ɗaya kuma bana ya canjo daga wata makaranta. Tun 2021 da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta sassauta, ɗan wasa zai iya canja makaranta ba sai ya zauna shekara guda bai buga ba, to ƙananan makarantu irin tamu da yaro ya fara haske manya sun wafce shi, kullum muna cikin sabon zubi.

Rabin farko wallahi takaici. Zauren ya cika maƙil, ɗalibansu na ta buga ganga da ihu, koci yana ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta miƙe amma ko ni da ke kusa da shi rabi nake ji balle wanda ke can ɗaya gefen fili. A tsaron gida in abokin hamayya ya zo zai tare ka da jiki don ɗan uwansa ya wuce, na bayanka ne zai ƙwala maka kira ya ce ga shi nan ta hagu, ko mu yi musaya. Namu shiru kamar masu zaman makoki. Mutum biyu su bi mutum ɗaya, a bar wani shi kaɗai ƙarƙashin kwando yana zuba ta a ɓagas. Mai raba mana ƙwallo, ɗan shekara 18, aka ƙwace a hannunsa, maimakon ya juyo da gudu sai ya sunkuyar da kai yana tafiyar ƙasaita, kuma babu ɗaya cikin huɗun da ya ce masa kai, tashi. Aka tafi hutu ana bin mu 14.

Koci bai yi dogon surutu ba, ya faɗi abu biyu ya fice da mataimakansa, ina zargin da gangan ya yi. Sai lamba 21 ya miƙe. Ɗan ajin ƙarshe ne, wani bature ɗan ƙauye mai karatun noma, in ya samu minti takwas a wasa ya gode Allah. Ba huɗuba ya yi ba. Ya dubi mai raba ƙwallon ya ce daga yanzu duk sanda alƙali ya hura usur ka tara mu wuri ɗaya, ko ba ka da abin cewa ka faɗi wa ke riƙe da wa. Ya juya kan dogon da ke tsaye a baya ya ce kai kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya, in ka yi shiru mu duka makafi ne. Shi ke nan fa. Kuma suka ji, don ba wanda bai san shi ke riga kowa zuwa atisayen asuba ba, ni shaida ne, sau da yawa kafin in fito da ƙwallaye na tarar ya yi gumi.

Ina tattara kofuna tim ɗin Jami'ar Kentucky ta faɗo mini a rai. A 2012 kocinsu John Calipari ya ci kofin ƙasa da 'yan shekarar farko uku a sahun gaba, Anthony Davis, Michael Kidd-Gilchrist da Marquis Teague, suka doke Kansas 67 da 59. Kowa Davis yake tunawa, amma akwai Darius Miller ɗan ajin ƙarshe da ya yarda ya riƙa shigowa daga benci, shi kuma Kidd-Gilchrist duk da ƙuruciyarsa shi ya ja sauran zuwa atisayen sassafe. Shekara na zagayowa duk sun tafi NBA, koci bai canja ba, an kawo wasu yaran masu baiwa, amma ko gasar NCAA ba su shiga ba, Jami'ar Robert Morris ta kore su a zagayen farko na NIT, gasar waɗanda ba su samu shiga ta NCAA ba. Eh, Nerlens Noel, ɗaya daga cikin sababbin yaran, ya ji ciwo a gwiwa, ban musa ba, amma ni a ganina rashin babba a cikin fili ya fi cin su. A 2014 ma da suka kai wasan ƙarshe da sababbi biyar, Shabazz Napier na Jami'ar Connecticut, ɗan ajin ƙarshe, shi ya riƙe wasan a hannunsa ya ci maki 22, aka ci Kentucky 60 da 54.

Rabi na biyu sai ga shi ana taruwa bayan kowane usur, da farko a kunyace, daga baya har dogon nan muryarsa ta dishe. Akwai lokacin da suka zuba mana shida a jere, koci ya miƙe zai nemi hutu, ya hango yaron ya riga ya tara su yana nuna wa kowa mutuminsa da yatsa, sai ya koma ya zauna bai ɓata hutun ba. Muka rage tazarar har saura uku. Ƙarshe dai an ci mu da huɗu, jifan kyauta muka yi ta zubarwa, wannan kam ba shugabanci ke gyara shi ba, atisaye ne.

A hanyar dawowa ana rabon fiza ana ta musu kan wa ya bar mutuminsa, har da ɗan zage-zage, ni kuwa daɗi nake ji. Abin da ke damuna lamba 21 zai gama a watan Mayu, mai raba ƙwallon kuma tuni ana raɗe-raɗin wata babbar makaranta ta fara zawarcinsa. Ranar Laraba muna da na saman tebur, ga riguna jibge ban sa a inji ba.