Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baƙon da Ya Shigo ta Rariya

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya na tsaya a inda Maigida ya samu tuƙin babbar mota, ya koma kwana a hanya tsakanin Ngaundere da Ndjamena, ya bar ni a Garwa ta Kamaru da Inna da Auta da raguna bakwai na kiwon layya. Mutum uku sun tambaye ni labarin tabon da na ce ina da shi a wuyan hannun dama. To yau ga shi.

Daminar 2012 ce. Wanda ke Garwa a shekarar ba sai an tuna masa ba. Ba a daɗe da ƙaramar sallah ba sama ta ɓalle, madatsar Lagdo ta cika aka buɗe ƙofofinta, kogin Binuwai ya haura gaɓa ya shiga gonaki da unguwannin gangare. Ruwan da ya wuce ta gabanmu shi ne ya je ya yi ɓarna a Yola da Makurɗi har Lakwaja. Mu gidanmu yana kan ɗan tudu, ruwa bai shigo mana ɗaki ba, sai dai katangar baya ta ƙasa ta jiƙe ta zube gefe guda, muka toshe wurin da zana.

A gidan akwai kare tun kafin a kawo ni, sunansa Dogari. Ja ne, dogo, kunnensa ɗaya a yage. Marigayi surukina ya karɓo shi yana ɗan kwikwiyo daga hannun wasu makiyaya a kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi. Iyakarsa garken raguna, ba ya taka tsakar gida. Shekara shida yana wannan aiki, amma ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. "A kai wa wancan ƙanzo," shi ke nan.

Wata asuba na shiga madafi zan hura wuta, na kai hannu zan kwashe toka, sai tokar ta motsa. Na yi salati na ja da baya. Da na haska tocila sai ga idanu biyu a bayan murhu. Wani ɗan kare ne, girmansa bai wuce na kyanwa mai ƙiba ba, gashinsa ya cukurkuɗe da laka da toka har ba a gane launinsa. Ta rariyar da ruwan wanke-wanke ke fita ya kurɗo, ga sawun cikinsa nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Jikinsa rawa yake yi kamar mazari. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Na ɗauki tsintsiya don in kore shi, yana ganinta ya kwantar da kai ƙasa ya runtse ido, irin na wanda ya san tsintsiya ba shara kaɗai take yi ba.

Na mayar da ita inda take. Na samu fasasshen kasko na zuba masa ruwa da ragowar tuwon masakwa na jiya.

Auta ne ya tona ni, ba da mugunta ba. Shekararsa goma sha biyu a lokacin. Ya fito alwala ya gani, ya kwasa da gudu yana cewa, "Inna! Inna! Adda ta yi baƙo!" Kafin hantsi yaran maƙwabta sun cika ƙofar madafi, har sun raɗa masa suna Ndiyam, wato ruwa da Fulatanci, tunda ruwa ne ya kawo shi. Sunan ya bi shi.

Inna ta fito da carbinta, ta tsaya daga nesa ta leƙa.

"Ke Amarya, mene ne wannan?"

"Inna, ruwa ne ya koro shi."

"Ruwa ya koro mutane ma, suna can a makarantu a zube. Su ba ki kwaso ba sai kare? Wancan dai na san aikinsa. Wannan me zai tsare, allura?"

Na ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, a bar shi ya bushe tukuna. Ta ce kafin azahar ya bar mata gida. Azahar ta yi, Auta ya ɗauke shi ya kai shi har bayan masallaci. Kafin Auta ya dawo, Ndiyam ya riga shi komawa bayan murhu. Sau uku ana haka. Ran na uku Inna ta ce a je a tambayo Malam.

Malamin unguwarmu, Allah Ya ji ƙansa, tsoho ne mai son raha. Muka je ni da Auta, na tsuguna daga ƙofar zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam," na zayyana masa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki bin umarni ne kawai. Ya ce amma ajiye shi a gida haka kawai hadisi ya yi gargaɗi a kai, lada na raguwa kullum, sai na farauta ko noma ko kiwo. Sai ya yi murmushi ya ce ana ba da labari cewa shi kansa mai Risala, Ibn Abi Zaid, wanda ya rubuta hanin ajiye kare a gidajen birni, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro ya ajiye kare. Da aka tuna masa maganar Imam Malik sai ya ce da Malik ya ga zamaninsu, zaki zai ajiye. Malam ya dubi Auta ya ce, "Kai, katangarku ba ta faɗi ba?" Sannan ya ƙara da cewa kada a sa shi ɗakin kwana ko wurin sallah, kuma in za a rabu da shi a rabu da shi cikin mutunci, don an gafarta wa wani saboda kare mai ƙishi da ya shayar.

Auta ya kai wa Inna rabin fatawar, rabin da ya yi masa daɗi. Inna ta ce a bar shi sai Maigida ya dawo, amma a fitar mata da shi daga madafi a kai shi garke wajen ɗan'uwansa.

Nan na yi wauta, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. A tunanina kare kare ne, jinsi ɗaya, za su ga juna su yi murna. Ban san cewa wurin da kare ya yi shekara shida yana kwana da ci, a wajensa gidansa ne da gadonsa ba. Da la'asar na haɗa ƙanzo da kan kifi a babban kaskon Dogari, na ƙara yawa don ya ishi biyu, na rungumo Ndiyam a tsumma na ajiye shi a bakin kaskon.

Na ga alamun da idona, ban dai san karatunsu ba. Dogari ya daina motsi. Jelarsa ta miƙe ta sandare, gashin bayansa ya tashi tun daga wuya, ya ɗan ɗaga leɓe haƙori ɗaya ya fito. Babu haushi ko ɗaya. Ndiyam kuwa yunwa ta rufe masa ido, ya tsoma baki. Ban ga lokacin da Dogari ya taso ba, sai dai na ga ɗan karen a bakinsa yana jijjiga shi kamar tsumma, raguna suna ta fizgar turke. Na kai hannu na cafko ƙafar Ndiyam. Dogari ya sake shi ya kama ni. Riƙo ɗaya ya yi ya saki, ya koma lungu ya sunkuyar da kai, amma haƙora biyu sun riga sun shige.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wata ta ce a barbaɗa toka, wata ta ce barkono, wata tsohuwa ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa. Allah Ya taimake ni da 'yar maƙwabciyarmu da ke koyon aikin jinya. Ta ture kowa, ta ja ni bakin randa, ta sa Auta yana zuba ruwa da buta ita tana dirza sabulun wanki a kan ciwon. Na ce ya isa, ta ce sai an yi minti goma sha biyar cif, ta ajiye wayarta tana duba lokaci. Ta ce ciwon haukar kare a yawu yake, kuma in ya riga ya bayyana a jikin mutum babu magani, sai dai a riga shi da wanki da allura. Muka hau babur zuwa asibiti. Allurar ba guda ba ce, rana-rana aka rubuta min in riƙa komawa, kowace kuma da kuɗinta. Ɗan kunnena na aure ya tafi a kan haka.

Abin da ya fi cizon ciwo shi ne abin da na tarar da na dawo. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa mahaukacin karen da Amarya ta tsinto ya cije ta. Na ce ba shi ba ne, Dogari ne. Inna ta ce, "Shekara shida wancan bai taɓa cizon kowa ba sai da baƙo ya shigo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Ban tanka ba. Shekarata biyu ke nan a gidan, an kawo ni daga Gidar, kuma na riga na saba: in gishiri ya yi yawa a miya ko akuya ta ci shanya, an san inda ake dubawa.

Washegari Auta ya je ya kira ma'aikacin dabbobi. Mutumin ya zo da jakarsa, ya fara da tambayar karne, wato ɗan littafin da ake rubuta allurar dabba. Muka kalli juna. Dogari bai taɓa ganin allura ba tunda aka haife shi, alhali ga Bokle nan kusa da mu inda ake haɗa alluran dabbobi na ƙasa baki ɗaya. Mu raguna kawai muka sani, su ne kuɗi. Ya ce kada a kashe ko ɗaya, a ɗaure Dogari kwana goma sha biyar ana lura da shi, in ya ci ya sha lafiya har ƙarshe to ba ya ɗauke da ciwon lokacin da ya yi cizon. Shi ma ƙaramin a killace shi daban tunda ba a san inda ya fito ba.

Sai ya ɗaga Ndiyam ya wanke masa raunin wuya, ya buɗe bakinsa ya daɗe yana duba haƙora. Ya ce wannan ba kwikwiyo ba ne, ya yi shekara biyu ko fi, irinsa ne ba ya girma. Ya baje gashin wuyan ya nuna mana wani zagaye inda gashi ya kwanta. Ya ce ya daɗe yana sanye da abin wuya, karen gidan wani ne. Da aka yi masa wanka aka cire kaska, sai ga shi fari tas da ɗigon ruwan ƙasa a ido ɗaya. Har Inna ta ce, "Ashe abin mutum ne."

Shi ne ya koya min abin da ya kamata in sani tun farko. Ya ce ba a haɗa babba da ƙarami a kasko ɗaya, ko sun saba. A fara bai wa na gida, a fara kiran sunansa, kada ya ga an rage masa komai. Su yi kwanaki suna jin warin juna ta bayan zana kafin su haɗa ido. In za a haɗa su kuma ba a garke ba, a waje, inda babu mai cewa nan nawa ne.

Haka muka yi. Na riƙa ɗaukar buhun da Ndiyam ya kwana a kai in jefa wa Dogari. Ran farko ya yayyaga shi. Ran na huɗu ya shinshina ya yi masa fitsari. Wajen kwana na goma na tarar ya kwanta a kai. Da kwanakin suka cika lafiya aka yi wa dukansu allura, aka ba mu karne biyu, Inna ta karɓa ta sa a cikin kwallarta tare da takardun gida, tana mita.

Haɗuwar farko a filin da ke bayan unguwa muka yi ta, da sassafe. Auta ya riƙe igiyar Dogari, ni na riƙe ta Ndiyam da hannun hagu, dama na naɗe da bandeji. Muka yi ta tafiya gefe da gefe, tsakaninmu kamar taku goma, ba wanda ya tsaya. A hankali muka rage tazarar. Da Dogari ya matso, ƙaramin ya faɗi ya juya cikinsa sama. Zuciyata ta tsinke, Auta ya naɗe igiya a hannu. Dogari ya sunkuya ya shinshina shi tun daga kunne har jela, ya daɗe, sannan ya yi atishawa ya juya ya bi wata fara da kallo.

Ba zan ce sun zama aminai ba. Har ƙarshe in Dogari na ci, Ndiyam ba ya kusantar wurin. Amma da sanyin asuba ya fara shigowa, na kan tarar da shi a dunƙule tsakanin ƙafafun babban, shi kuma ya kawar da kai gefe kamar bai san da shi ba. Tambayar Inna ta me zai tsare ma ta samu 'yar amsa: kunne gare shi. Ko kaza ta taɓa zanar nan shi ke fara tsiwa da siririyar muryarsa, sannan Dogari ya tashi da tasa. Inna ta ce ya hana ta barci. Sai dai na lura ta daina cewa a kai wa wancan ƙanzo, ta koma cewa a kai wa waɗancan.

Maigida ya dawo saura kwana tara layya, wadda ta kama 26 ga Oktoba a shekarar. Ya dubi hannuna, ya dubi kunnena babu ɗan kunne, ya yi shiru. Ya sayar da raguna shida, ya sa aka tayar da katanga da bulo. Da magina suka zo kan rariya suka tambaya ko a sa mata raga, ya ce su tambayi Amarya, ita ke karɓar baƙi ta nan.

Kwana biyu bayan sallah, muna tsakar gida muna suyar nama, sai Auta ya shigo da gudu ya ce ana sallama. Wata mata ce da ɗan yaro, ba ta jin Hausa, Faransanci take yi da guntun Fulatanci, riƙe da waya tana nuna wa yaran unguwa wani hoto. Kafin in gama ɗaura mayafi, Ndiyam ya tsallake tabarmar Inna, abin da bai taɓa yi ba, ya yi zaure a guje yana wani irin kuka.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.