Ranar da na ba wa bango haƙuri

Na taɓa kauce wa mutumin da ba mutum ba, har da ba shi haƙuri. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta titi na 72 abin ya faru, a layin Second Avenue na birnin New York, wanda aka buɗe ranar 1 ga Janairun 2017. Ina sauri, kaina a sunkuye, sai na hangi wani ɗan kwat ya yi tuntuɓe, jakarsa ta kuɓuce, takardu na watsewa. Na yi baya don kar mu yi karo. Ɗagowar da zan yi, ashe bawan Allah a jikin bango yake, da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi aka haɗa shi tun daga gashin kai har takalmi. Kunya ta kama ni, na waiga in ga ko wani ya gani. Kowa na ta kansa.

Daga baya na gane cewa wanda na ba haƙurin shi ne mai aikin da kansa, Vik Muniz, mutumin Burazil. Ya ɗauki hotunan mutanen da ya sani, aka mayar da su zanen gilashi, kowa daidai tsawon mutum, sun haura 30, an warwatsa su a bangon tashar kamar masu jiran jirgi. Akwai ɗan sanda da cikakken kaki yana riƙe da askirim na tsinke. Akwai wani da ya sa kayan wasa na damisa, ya cire kan ya riƙe a hannu, kamar wanda ya tashi daga aiki a gajiye. Akwai mace sanye da sari irin na Indiyawa, idonta a kan waya. Babu wanda aka kafa wa tuta a cikinsu. Jira kawai suke yi, irin wanda ni ma na zo yi.

Jirgi biyu na bari suka wuce ina kallonsu.

Tun daga ranar, in na ga zane a tasha, abin da nake fara dubawa shi ne wa aka ɗora a bangon, kuma a wane tsayi. A tashar Mayakovskaya ta Mosko, wadda aka buɗe a 1938, zanukan Aleksandr Deyneka a rufi suke, cikin wasu ramuka masu siffar ƙwai: jiragen sama, masu dirowa da lema, 'yan wasan motsa jiki, sararin sama tas. A hoto na gan su, kuma maganar gaskiya sun yi kyau. Amma sai ka ɗaga kai har wuyanka ya ƙage kafin ka gani, kuma abin da za ka gani mafarkin gwamnati ne game da kai. Matar da ta kwana tana aiki, take gyangyaɗi a kan benci, ba ta ciki.

Na fi son abin da Per Olof Ultvedt ya yi a tashar T-Centralen ta birnin Stockholm a 1975. Dutsen da aka fasa aka yi ramin an bar shi da siffarsa, fari da shuɗi aka shafa masa, aka zana ganyaye. A wani sashe kuma ya sa inuwar leburorin da suka haƙa wurin, suna kan aikinsu. Inuwa ce zalla, ba fuska, amma da ganin yadda kafaɗa ta ranƙwafa ka san an sha dutse.

Wani zai ce kuɗin da aka zuba a bango da an gyara na'urar hawa bene da ta lalace. Na fahimci haushin, ni ma na sha hawa matakala da kaya niƙi-niƙi. Sai dai a New York, tun 1985 da aka kafa shirin sanya zane a tashoshi, abin da ake warewa ga zane bai wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin tasha ko gyaranta ba. Dalilin zaɓen gilashi da tayil maimakon fenti kuwa ba burga ba ce. Ƙarƙashin ƙasa akwai laima, akwai baƙar ƙurar ƙarfe da birki ke fitarwa, ga hannuwa dubbai da ke shafar bango kullum. Fenti bai cika jure wannan ba. Gilashi sai a wanke shi da ruwa ya koma sabo.

Har ma yakan fi ginin daɗewa. A babbar tashar Cincinnati ta Amurka, da aka buɗe a 1933, Winold Reiss, haifaffen Jamus, ya yi manyan zanukan gilashi na ma'aikatan masana'antun garin, daga hotunan da aka ɗauka a wuraren aikinsu: masu sabulu, masu ɗab'i, masu haɗa fiyano, mahauta. Jiragen fasinja suka daina zuwa a 1972, aka rushe zauren da zanukan suke. Mutanen gari suka ƙi yarda a farfasa su, aka ciro guda 14, kowanne da nauyin tan-tan, aka kai su filin jirgin sama. Ma'aikatan da aka zana sun riga mu gidan gaskiya, masana'antun da dama sun rufe, amma ga mutum nan hannunsa a kan inji, jikansa zai iya tsayawa a gabansa ya ce wannan kakana ne.

Kafin in bar titi na 72 ran nan, na koma wajen matar nan mai sari. Wata fasinja ta zo ta tsaya dab da ita, ta jingina da bango, ta zaro waya. Kansu ya karkata gefe guda, kamar an gwada. Na so in ɗauki hoto, sai na ga rashin ta-ido ne, na mayar da wayata aljihu. Ƙarar jirgi ta taso daga ƙasa, ɗaya ta ruga matakala, ɗayar ta ci gaba da duba saƙonta.