Wasiƙa daga Kanada: Yaron da ya fi ƙarfin yara, manya kuma suka ajiye shi a benci

Zuwa ga 'yan uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da zamani. Mu ma nan lafiya lau, sai dai sanyi, shi kuwa ba a gama sabawa da shi.

Yau zancen wasa na kawo muku, wasan da na san yawancinku ba ku taɓa zama kun kalla ba: ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wato hoki. Mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Minti 60 ake yi, an raba shi uku. Gudun ya yi yawa, don haka ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai ya fita wani ya canje shi. Kuma doka ta yarda ka banke abokin hamayya da kafaɗa ka haɗa shi da bango. Wannan bankar ita ce ta sa maganar shekaru take da nauyi a wasan nan fiye da yadda take a ƙwallon ƙafa. Yaro ɗan 18 mai ƙwarewa zai iya yanke ƙato ɗan shekara 30 sau ɗaya, sau biyu, amma a na uku ƙaton zai same shi a lungu.

Duk watan Oktoba, idan kakar wasa ta kama, gardama ɗaya ce a rediyo, a wurin aiki, a layin sayen kofi: wane yaro ne ya isa ya zauna da manya, wane ne za a mayar gasar matasa?

Ga yadda tsarin yake. Babbar gasar matasa ta Kanada, CHL, gasa uku ce a inuwa ɗaya: OHL ta Ontario, WHL ta yammacin ƙasar, da QMJHL ta Kebek da gabar gabas. Ƙungiyoyi wajen 60 ne, 'yan wasan kuma daga shekara 16 zuwa 20. Yaro zai bar gidan iyayensa a kai shi wani gari mai nisa, ya zauna riƙo a gidan mutanen da bai taɓa sani ba, ya je sakandare da safe, da dare ya buga wasa a gaban dubban mutanen da suka sayi tikiti. Albashi babu, sai ɗan kuɗin kashewa da alkawarin tallafin karatu. A samansu akwai NHL, gasar ƙwararru mai ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, wadda duk shekara take zaɓen yaran da suka cika 18, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne kan gaba wajen ɗauka. Tsakanin biyun akwai AHL, inda kowace ƙungiyar NHL take da ƙaramar ƙungiyar renon 'yan wasanta. A nan yaro yake fara cuɗanya da magidanta ba tare da idon duniya duka yana kansa ba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin NHL da CHL. A yadda take a 2022, ta ce yaron da aka zaɓo daga gasar matasan Kanada, muddin bai kai shekara 20 ba kuma bai cika kaka huɗu a gasar ba, ba zai buga AHL ba. Ko dai ya zauna a NHL, ko ya koma wurin tsaransa. Dalilin bai ɓuya ba: taurarin nan su ne ke cika wa ƙananan garuruwa filayen wasa, idan aka kwashe su tikiti ba zai sayu ba. Sai kuma wata ƙa'ida ta kwantiragi. Ƙungiya tana iya gwada yaro a wasa tara ta mayar da shi ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa mai arha ta ƙone ba. Da zarar ya shiga na goma, shekarar ta tafi. Shi ya sa za ka ji manyan mutane da furfura suna ƙirga wasannin yaro ɗaya da yatsu.

Wanda wannan doka ta fi wujijjiga a 'yan shekarun nan shi ne Shane Wright, haifaffen Burlington a Ontario, ranar 5 ga Janairu 2004. Tun yana ɗan 15 aka ba shi izini na musamman ya shiga OHL shekara ɗaya kafin lokaci, izinin da kafin shi mutum biyar kawai suka samu, cikinsu har da John Tavares da Connor McDavid, waɗanda suka zama taurari a NHL. A kakarsa ta farko da Kingston Frontenacs ya zura 39 a wasa 58. Daga nan cutar korona ta zo, aka soke kakar OHL ta 2020-21 ɗungurungum, yaron da yake tashen girma ya yi shekara guda babu gasa. Da aka dawo ya tara maki 94 a wasa 63 (maki a nan shi ne ci da kuma bayar da faifan da aka ci, a haɗe). Shekara uku ana cewa shi ne na ɗaya a zaɓen 2022.

Ranar zaɓen, a birnin Montreal, ƙungiyar garin ce ke da ɗaukar farko. Ta tsallake shi ta ɗauki Juraj Slafkovský ɗan Sulobakiya. New Jersey ta ɗauki Simon Nemec, shi ma ɗan Sulobakiya. Arizona ta ɗauki Logan Cooley. Sai a na huɗu Seattle Kraken ta kira sunansa.

Ku duba inda waɗannan ukun suka nufa. Nemec daga Turai ya zo, yarjejeniyar ba ta shafe shi ba, aka tura shi AHL yana ɗan 18 ya yi ta bugawa da manya dare bayan dare. Cooley ya tafi Jami'ar Minnesota, inda ake gwabzawa da samari 'yan 22 da 23. Slafkovský ya zauna a Montreal, ya zura 4 kacal a wasa 39 kafin rauni ya katse masa kaka, amma da ƙungiyar ta ga dama ƙofar AHL a buɗe take gare shi. Wright kaɗai ne aka ce gaba kura baya sayaki.

Seattle ta riƙe shi. Idan ya shiga wasa, kusan minti 8 ake ba shi cikin 60, sauran ranakun kuwa ko kayan wasa ba ya sawa, daga sama yake kallo cikin kwat. Da abin ya yi yawa sai suka bi ta wata 'yar kafa a doka, suka aika shi ƙaramar ƙungiyarsu Coachella Valley da ke hamadar Kalifoniya na mako biyu, da sunan gyara jiki. Ya zura 4 a wasa 5. Ya dawo ya ci ƙwallonsa ta farko a NHL a watan Disamba 2022, a ragar Montreal kuwa, waɗanda suka ƙi shi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba da aronsa ga tawagar Kanada ta 'yan ƙasa da 20, ya zama kyaftin, suka doke Jamhuriyar Cek 3-2 a wasan ƙarshe a Halifax ranar da ya cika 19, shi ma ya ci ɗaya a ciki. Washegari-washegari aka mayar da shi OHL bayan wasa takwas a NHL, Kingston kuma ta musanya shi zuwa Windsor Spitfires, nan garin da nake zaune, tsallaken kogi da Detroit. Ya tara maki 37 a wasa 20. Kitchener ta share su a zagayen farko na wasannin kifa-ɗaya-ƙwala, wasa huɗu a jere, sai ya sake tattara kayansa ya koma Kalifoniya, ya bi Coachella Valley har wasan ƙarshe na kofin Calder, wato kofin AHL, inda Hershey Bears ta doke su a wasa na bakwai. Riga huɗu a kaka ɗaya, koci huɗu, salon wasa huɗu.

Ban ga laifin kocin Seattle na lokacin, Dave Hakstol, ba. Ƙungiyarsa tana cin wasa, ta gama kakar da maki 100, har ta fitar da Colorado mai riƙe da kofi. An ɗauke shi ne ya ci wasa, kuma kocin da ya tsaya renon yaro yana faɗuwa, kafin yaron ya girma an sallame shi. Amma waɗanda ke cewa zama kusa da manya kaɗai ma karatu ne, ban yarda da su ba sai kaɗan. Yaro zai koyi yadda ake cin abinci, yadda ake barci, yadda ake atisaye. Abin da ake nema wurin ɗan tsakiya irin Wright kuwa, wato ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido alhali ƙato yana taho masa, ba a koyon sa sai da faifai a bakin sanda. Ku da kuke bin labarin yaranmu da ake kwasa daga makarantun horar da ƙwallo a kai su Turai su shekara biyu suna ɗumama benci, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Komawa gasar matasa ma ba ta rasa nata aibin. Yaron da ya fi kowa a fili yakan saba da riƙe faifai ya daɗe, don ya san ba mai ƙwacewa. Yakan yi sakaci da komawa baya tsaron gida, don ya san ko an ci su ɗaya zai rama biyu. Waɗannan halaye kuwa su ne farkon abin da ake hukunta mutum a kansa a NHL.

Duk da haka, in dai zaɓi biyun nan kawai ake da su, ni na fi karkata ga a mayar da yaro, kuma a mayar da shi da wuri. Leon Draisaitl ɗan Jamus, wanda Edmonton ta ɗauka na uku a 2014, an riƙe shi wasa 37 ya zura 2 kacal, shekarar kwantiragi ta ƙone a banza, sannan a Janairu 2015 aka mayar da shi gasar matasa, ƙungiyar Kelowna. A can ya farfaɗo, aka zaɓe shi gwarzon gasar kofin Memorial, wato babban kofin CHL, a 2020 kuma ya zama gwarzon NHL gaba ɗaya. Akwai kuma namu, Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, an haife shi a Edmonton a 1977. Dallas ta zaɓe shi na 11 a 1995, ba a yi wata-wata ba aka bar shi a ƙungiyarsa ta matasa, Kamloops, ya ƙara kaka, ya zura 63 a wasa 63. Kafin kakar ta ƙare an musanya shi zuwa Calgary, da ya shigo NHL kuwa bai sake komawa ƙasa ba. Ya yi ritaya da ci 625, sunansa yana zauren gwarzayen wasan da ke Toronto.

Akwai waɗanda ba a gardama a kansu. Connor Bedard ya tara maki 143 a wasa 57 da Regina Pats ta gasar matasa, Chicago ta ɗauke shi na ɗaya a 2023, kuma ba wanda ya ce a mayar da shi, don babu abin da ya rage masa a can. Ko shi ɗin, a Janairu 2024 wani mai tsaron baya na New Jersey ya tare shi ya karya masa muƙamuƙi. Ya warke ya dawo, ya gama da maki 61, ya ɗauki kyautar gwarzon sabon shiga. Abin da ya taimake shi, ban da baiwa, Chicago ba ta da wani abin kirki a shekarar, don haka aka sakar masa fili, ya yi kuskure a sake tura shi. Idan aka tambaye ni ko yaro ya isa, farkon abin da nake so in ji shi ne minti nawa ƙungiyar ta shirya ba shi, da wa za ta haɗa shi, kuma idan ya zubar da faifai aka ci su, gobe za a sake saka shi ko za a tura shi sama ya sa kwat. Yawan ƙwallayen da ya ci tsaransa yana zuwa ne daga baya.

Kada a manta da kuɗi kuma. Kwantiragin farko na waɗanda aka zaɓa a 2022 yana iya kaiwa dala 950,000 a shekara idan yaro yana NHL, a AHL bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, a gasar matasa kuwa sai abin sayen mai. Iyayen da suka shekara goma suna tashi da asuba suna kai yaro filin ƙanƙara, suna biyan kuɗin kaya da otal, da wuya ka ji sun ce a dawo mana da shi. Wakilinsa ma haka.

Wright dai a kaka ta gaba saura kwana biyar kacal ya cika sharaɗin shekaru, ga kuma kakar da korona ta cinye masa, sai aka yi masa sassauci na musamman aka bar shi ya zauna AHL a 2023-24. Wuri ɗaya, koci ɗaya, Dan Bylsma. Ya zura 22 ya tara maki 47 a wasa 59, da aka kira shi Seattle kuma ya zura 4 a wasa 8. A 2024-25 ya buga cikakkiyar kakarsa ta farko a NHL, ci 19, maki 44. Bai zama McDavid ba, kuma tun farko waɗanda suka ɗora masa wannan suna yana ɗan 15 su suka zalunce shi. Ɗan tsakiya ne nagari da yake hawa a hankali, kuma ina da yaƙinin da an ba shi kakar AHL ɗin nan tun 2022, da ya riga ya wuce inda yake.

Yanzu katangar ta fara tsagewa ta wani gefen da ba a zata ba. A da, jami'o'in Amurka suna kallon duk wanda ya taɓa buga CHL a matsayin ƙwararre, ba sa karɓarsa. A Nuwamba 2024 hukumarsu, NCAA, ta janye wannan hani, aka fara aiki da sabuwar dokar a Agusta 2025. Nan take Gavin McKenna, yaron Whitehorse da ke can arewa mai nisa, wanda ya gagari kowa a Medicine Hat, ya bar gasar matasa ya tafi Jami'ar Penn State yana ɗan 17 don ya gwada ƙarfinsa da waɗanda suka girme shi. Masu ƙungiyoyin CHL, da suka shekara da shekaru suna tsare ƙofar AHL kada taurarinsu su fita, yanzu ta ƙofar jami'a suke kallon su suna ficewa.

A gaida mutanen gida duka, manya da yara.

Naku,
ɗan uwanku da ke Windsor, Ontario